Matakalar shiga motar gida ta fara ruɓewa: ta ina ruwan ke shiga, kuma yaya ake gyarawa?

Matafiyi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin motar gida, wato motar da aka gina wa ɗakin kwana a baya don tafiye-tafiye. Matakalar ciki, wadda ake takawa da zarar an buɗe ƙofar ɗaki, ta fara lotsawa a kusurwar da ke ɓangaren hinji. Da na ɗaga robar da ke kai sai na tarar filawud ɗin ya yi baƙi, sukurudireba na nutsewa kusan santimita 1 ba tare da an danna da ƙarfi ba. Sukurori biyu na alminiyam ɗin bakin matakalar juyawa kawai suke yi, ba sa kamawa. Na'urar auna danshi ta nuna kashi 34 cikin 100 a kusurwar, 22 a tsakiyar matakalar, 13 a daɓen ɗakin can ciki.

Matakalar waje mai lantarki a ƙarƙashin wannan wurin take rataye. Yanzu tana girgiza idan an taka, wani lokacin kuma ta fito rabi ta tsaya.

Tambayoyina uku ne. Idan na zuba maganin taurara katako na mayar da robar, ya wadatar? Zan iya zagaye ƙofar da silikon in huta? Kuma tsayawar da matakalar lantarkin ke yi, matsala ce daban ko duk abu ɗaya ne?

Kafintan Mota

Wa alaikumus salam Malam Matafiyi. Ajiye silikon ɗin nan tukuna, kada ka taɓa katakon ma sai ka gano hanyar ruwan. Matakala ita ce wuri mafi ƙasa a wannan gefen motar, saboda haka ruwan da ya shiga ta ko'ina a can sama, nan yake gangarowa ya kwanta. Inda ka ga ruɓa ba lalle ba ne nan ya shiga.

Lambobin da ka kawo suna magana. Ƙasa da kashi 15 lafiya lau ne. Daga 15 zuwa 20 a sa ido. Da ya haura 20 akwai ruwan da ke shiga, idan kuma ya kai 30 katako ya ƙoshi da ruwa, funfunar da ke cin katako ta samu wurin zama. Ka dai kula, idan allurar na'urar ta taɓa alminiyam ko kan sukuru, lambar ƙarya za ta ba ka. Ka auna a tsiraicin katako, ka kuma bi bangon da ke jikin firam ɗin ƙofar kana hawa sama, kowane santimita 20 ka rubuta abin da ka samu. Idan danshi yana bin firam ɗin har sama, daga sama ruwan yake.

Sai gwajin tiyo. Cire robar da duk wani kafet, ka goge wurin ya bushe, ka shimfiɗa takarda. Mutum ɗaya ya zauna ciki da fitila, ɗaya a waje da tiyo mai ruwa a hankali, ba injin wankin mota ba, don shi yana tura ruwa inda ruwan sama ba ya zuwa. Ku fara daga ƙasa: ƙarƙashin matakalar, sai dokin ƙofa, sai gefen hinji, sai gefen kuba, sai saman ƙofa, sai fitilar waje da marikin hannu, daga ƙarshe ƙarfen rumfa. Kowane wuri minti 5 zuwa 10. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa ko'ina lokaci guda, ba zai san wane wuri ne ya yi yoyo ba.

Robar ƙofar kuma da takarda ake gwada ta. Rufe ƙyaure a kan tsinken takarda ka ja. In ta zare salin alin, robar ba ta matsewa a wurin. Ka gwada a wurare kamar takwas, musamman kusurwoyin ƙasa. Ka leƙa ƙasan ƙyauren da dokin ƙofa, akwai ƙananan ramukan fitar ruwa, laka takan toshe su, wasu kuma mai gyaran baya ne ya liƙe su da gam yana ganin taimako ya yi.

Maganin taurara katako ba zai yi maka aiki a nan ba. Amfaninsa ga katakon da fatarsa ta yi laushi milimita 2 ko 3, wanda ba ya ɗaukar nauyi. Naka sukurudireba na shiga santimita 1, ga shi mutum yana takawa, ga matakalar waje tana rataye a jiki. Kuma idan aka zuba shi a jiƙaƙƙen katako, sama ce ke taurara ta kulle ruwan a ciki, ruɓa ta ci gaba da aikinta ba ka gani. Cirewa za ka yi.

Ka yanke har ka iske lafiyayyen katako, sannan ka ƙara santimita 5 gaba. Saita zurfin zarton daidai kaurin filawud ɗin, domin wayoyin matakala da na fitila ta nan ƙasa suke bi, a wasu motocin har da bututun gas. Tunda matakala ba faɗi gare ta ba, a ganina gara ka fitar da allon gaba ɗaya ka yi amfani da shi wajen zana sabon, da ka tsaya yin faci. Abin da ya rage na katakon gefe ka shafa masa maganin boret mai kashe funfunar katako, ka sa fanka a wurin, ka bar shi har na'ura ta nuna ƙasa da 15. Zai iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu. Nan mutane ke gajen haƙuri su rufe, bayan shekara aiki ya dawo sabo.

Sabon allo ya zama filawud irin na jirgin ruwa mai lambar BS 1088, ko aƙalla na waje mai gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa. Kaurinsa daidai da tsohon, yawanci milimita 15 ko 18. Kada ka sa katakon da aka tsuma da maganin jan ƙarfe, wannan mai launin kore-kore, domin yana cin alminiyam idan suka haɗu da danshi. Ka gama yanka da huda duka kafin shafa efoksi, wato gam mai hana ruwa da ake haɗa shi da mai taurarwa. Fuska biyu shafi 2, gefuna shafi 3, don ta gefe filawud ke zuƙar ruwa. Ka haɗa efoksin daidai ma'aunin da aka rubuta a gwangwani, wani 5 da 1 ne, wani 2 da 1, ƙara mai taurarwa ba ya sa shi saurin bushewa, sai dai ya bar maka shi yana danƙo. Ramukan da ƙusa mai noti za ta bi kuwa, ka huda su da faɗi, misali milimita 14 ga ƙusar milimita 8, ka cika da efoksi mai kauri, in ya taurara ka sake huda 8.5 a tsakiya. Ta haka ko ruwa ya bi ƙusar ba zai taɓa katako ba.

Mai Walda

Oga Kafinta ya gama da sama, bari in shiga ƙasa. Girgizar da matakalar waje ke yi, kusan tabbas daga ruɓar nan ne. Ƙusoshin da ke riƙe ta sun ratsa filawud, katako ya yi laushi, washa ta nutse, sai komai ya saki. Ɗaure noti a yanzu ƙara nutsar da washar kawai zai yi. A daina taka ta har a gyara, don ranar da za ta ɓalle da ƙafar mutum a kai za ta ɓalle.

Ka sa jak ko katako ka tallafe ta kafin ka kwance, tana da nauyi. Da ta sauka sai ka duba akwatin ƙarfen da matakalar ciki ke zaune a ciki, idan motarka tana da shi. Ƙwanƙwasa da kan hama mai tsini. Tsatsar sama burushin waya ke cire ta, sai maganin juya tsatsa, wanda ke mayar da ragowarta ɓawo mai tauri da ke karɓar fenti, sai fentin ƙasa mai tutiya, sai fenti shafi 2. Amma maganin juya tsatsa ba ya aiki a kan ɓawon da ke tashi, sai an kankare shi tas, kuma ba a wanke ƙarfen da mai kafin a shafa. Idan hama ta huda, ko ƙarfen da asalinsa milimita 1.5 zuwa 2 ne ya koma yana lanƙwasa da yatsa, a yanke a yi faci da ƙarfe mai kauri ɗaya. Kafin walda a cire batir na inji da na ɗaki duka, a cire wayar sola, a rufe tukunyar gas, a janye katako da soso daga wurin. Soson bangon motar gida da tartsatsi ɗaya yake kamawa.

Wani abu da ake mantawa: a motoci da dama batirin ɗaki a ƙarƙashin matakala yake. Idan irin mai ruwa ne, tururin asid ɗinsa yana cin ƙarfe da katako ko babu ruwan sama ko ɗigo. In ka ga farin gari ko kore a wurin, ka wanke da bekin soda cokali 1 a ruwa mililita 250, ka ɗauraye, ka tabbatar ramin shan iskar akwatin a buɗe yake.

Wajen mayarwa, kada nauyin matakalar ya dogara da filawud kaɗai. Sa faranti na ƙarfe mai kaurin milimita 3 a sama ya haɗa ƙusoshin biyu-biyu, ko aƙalla washa mai faɗin milimita 30. Ƙusa mai lamba 8.8 mai rufin tutiya, noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwancewa. Idan akwai maƙalai daga shasi, su ne ya kamata su ɗauki nauyin, ka duba waldarsu.

Ka kuma kalli inda taya take. Idan ƙofar tana bayan taya kai tsaye, duk tafiya cikin ruwa feshi ake yi wa ƙasan matakalar da laka da tsakuwa. Robar madigadi mai sauka har kusan santimita 10 daga ƙasa tana rage wannan sosai. Ni kuma ina ganin a huda ramin fitar ruwa na milimita 10 a kusurwar da ta fi ƙasa, don ruwan takalmi da na lema ya samu mafita.

Matafiyi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An yi gwajin tiyon. Ƙasa da dokin ƙofa babu komai. Da aka kai gefen hinji, wajen tsayin ƙugu, bayan minti 7 sai ruwa ya ɓullo ta bayan firam ɗin daga ciki ya gangaro kusurwar nan. Na ɗaga robar da ke rufe kan sukurorin firam, uku sun yi tsatsa, abin da ke tsakanin firam da bango kuma ya bushe yana marmashewa. Takarda ta kama ko'ina sai kusurwar ƙasa ɗaya. Batir ba a nan yake ba. Shin zan iya bin gefen firam ɗin da gam daga waje ba tare da na cire shi ba? Kuma giɓin da ke tsakanin akwatin ƙarfen da bango, in cika shi da kumfar feshi?

Injiniya Mai Waya

Malam, kafin Kafinta ya dawo kan firam, ga amsar tambayarka ta uku. Tsayawa rabi yawanci daga ruwan nan ne, amma ta hanya biyu daban, kuma gwajinsu daban.

Irin waɗannan matakalu, misali na kamfanin Kwikee, ɗan injin lantarki mai ƙarfin bolt 12 ne ke juya giya, giya ta tura hannu. Akwatin sarrafawa ba ya ganin inda matakalar take, wutar da injin ke ja yake aunawa. Da ta yi yawa sai ya ɗauka an kai ƙarshe ya yanke. To idan magamai sun yi tsatsa, ko firam ɗin matakalar ya karkace saboda ƙusoshin sun saki, injin zai ja wuta da yawa tun a tsakiyar hanya, akwatin ya tsayar da shi. Cire fiyus tukuna, don matakalar tana iya motsi da kanta ta datse yatsa. Sannan zare fil ɗin da ya haɗa hannun da matakalar, ka tura ta da hannunka. Ya kamata ta shiga ta fito sumul. In tana cijewa, matsalar ƙarfe ce, ba ta wuta ba.

In kuma tana tafiya sumul, koma kan waya. Wadda ta fi lalacewa ita ce wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin shasi, don a fili take tana shan feshin taya. Kada ka auna bolt matakala tana tsaye, waya mai tsatsa ma za ta nuna maka 12.6 ka ce lafiya. Mayar da fil da fiyus, ka auna lokacin da injin ke aiki. Tsakanin jikin matakalar da ƙafar batir ta negatif, abin da ya wuce bolt 0.5 yana nufin at ɗin ya lalace. Kwance, goge da sandifefa har ƙarfe ya yi haske, sa sabon kan waya, ɗaure, sannan ka shafe da giris daga sama. Buɗe soket ɗin wayoyin, in ka ga kore a fil ɗin ka wanke da feshin wanke lantarki, ka sa giris ɗin silikon na soket. Idan ka feɗe waya ka ga jan ƙarfen ya yi baƙi, ruwa ya bi cikinta, ka ci gaba da yankewa har ka iske mai haske, ka haɗa da mahaɗi mai roba da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Salatif ba ya hana ruwa a ƙarƙashin mota. Ka bar wa kowace waya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga soket ko ta ratsa daɓe, don ruwa ya ɗiga a nan.

Akwai kuma makunnin maganaɗisu a jikin firam ɗin ƙofa a motocin da matakala ke fita da kanta in an buɗe. Tunda za ka cire firam, ka yi alama a inda yake, ka liƙe ramin wayarsa da kyau, shi ma ƙofar ruwa ne.

Man shafawa: Kwikee da kansu sun ce a shafa wa magamai duk kwana 30, kuma ba su yarda da man feshi na WD-40 ko feshin silikon ba saboda suna bushewa su bar ƙarfe haka. WD-40 na kwance tsatsa ne, bayansa a bi da giris ɗin feshi mai ratsawa. A wanke laka da gishirin hanya tukuna, giris a kan yashi ci yake yi.

Kafintan Mota

To Malam, ka samu ɓarawon. Bin gefe da gam daga waje zai riƙe ka wata kaɗan idan tafiya ta matsa, amma ba gyara ba ne. Ainihin abin da ke tare ruwa shi ne tef ɗin butil, wata roba mai danƙo da ke matse tsakanin firam da bango, wanda kowane sukuru ke ratsawa. Naka ya mutu, ruwa yana bin sukurori.

Mutum biyu ake so. Cire ƙyauren idan yana ciruwa, kwance sukurori, ka zura wuƙar roba ka ɓamɓare firam ɗin a hankali don alminiyam ba ya son lanƙwasa. Kankare tsohon butil tas, goge da sifirit ɗin isofurofil. Duk inda aka taɓa sa silikon sai ka cire shi har ƙarshe, domin babu gam ɗin da ke kama wurin da ya bari, har shi kansa sabon silikon. Dalilin da ya sa na ce ka ajiye shi ke nan. Yanzu ne kuma za ka ga katakon da ke cikin bango a gefen hinji. Tsokane shi. Idan ya ruɓe a canza, in ba haka ba sabon sukuru ba shi da abin kamawa.

Sabon butil mai kaurin milimita 3, faɗi 19 zuwa 25 gwargwadon leɓen firam ɗin. Fara daga ƙasa ka zagaya, kada ka ja shi ya miƙe, kada ka yanke a kusurwoyin sama, mahaɗar ta kasance a ƙasa. Idan bangon mai tudu da kwari ne ka ƙara guntu a kowane kwari. Sukurori sababbi na ƙarfen da ba ya tsatsa, A2 ko A4, da ɗan butil a ƙarƙashin kowane kai, wanda kuma zai raba su da alminiyam. Ɗaure da hannu, kaɗan-kaɗan kana zagayawa, har butil ya ɓullo ko'ina. Washegari ka sake ɗan ɗaurewa, ka yanke abin da ya fito. Kafin ka gama ɗaurewa ka rufe ƙyauren ka ga giɓi daidai yake sama da ƙasa. Bayan haka sai ka bi sama da gefuna biyu da siririn layin gam mai jure rana, irin Sikaflex 522, a busasshen wuri, sanyi bai kai ƙasa da digiri 5 ba. Ƙasan firam ɗin ka bar shi, da ramukansa. Kada ka yi amfani da gam mai malala da kansa na rufi, a bango zuba zai yi, kada kuma ka manne firam da gam mai ƙarfi irin Sikaflex 252, mai gyaran gaba sai ya fasa bango.

Kusurwar da takarda ta zare, gwada matsar da ƙarfen da kuba ke kamawa ciki milimita 1 ko 2. In robar ta kwanta ta daina tashi, canza ta duka, ka yanke ta da rarar santimita 1 don tana tsukewa. Feshin silikon yana da kyau a kan wannan robar, man fetur da baselin kuwa kumbura ta suke yi. Ka ƙara ɗan indararo a saman ƙofar wanda ya zarce santimita 5 kowane gefe.

Kumfar feshi a'a. Da an yanke fatarta tana riƙe ruwa a jikin ƙarfe, kuma tana ɓoye yoyo. Haka baƙin kwalta na ƙasan mota a kan katakon da bai bushe ba.

Maganar huda rami kuwa, Oga Mai Walda, a nan mun ɗan saɓa. Rami a ƙasan matakala yana shigo da feshin taya da ƙura, idan kuma salansa ko bututun hita a gefen suke, har hayaƙi. Na fi son a ba allon gangara zuwa waje, milimita 2 zuwa 3 a kowane santimita 10, a manne robar da gam ko'ina ba tsakiya kaɗai ba, a naɗe gefunanta sama santimita 2 a jikin bango.

Mai Walda

Gaskiyarka a kan hayaƙi, in salansa tana wannan gefen a bar ramin. Amma a matakalar da dokin ƙofa ya fi ta tudu, gangara ba ta da inda za ta kai ruwan, a bakin dokin zai taru. Irin wannan sai da rami, kuma ba tsirara ba: a sa ɗan bututu mai leɓe, a zauna da shi a kan gam, a ɗaura tiyo santimita 10 a ƙasa yana kallon bayan mota, ko robar nan mai bakin agwagwa da ke barin ruwa ya fita ba ya dawowa. Malam Matafiyi ya duba tasa ya ga wace iri ce.

Kafet ɗin da ake naɗewa a matakalar waje a cire shi lokacin ruwa, ƙarƙashinsa ne fenti ke fara tashi, tef mai kaushi na hana santsi ya fi shi. Idan za a ajiye motar da daɗewa a mayar da matakalar ciki, a ɗaga tabarmar ƙofa. Bayan wata 1 da gama aikin a sake gwajin tiyo a gefen hinji, a duba notin ƙasa, sannan a auna danshi a kusurwar nan duk wata 6.